Harshe biyu a manhaja ɗaya: igiya a hannun wa take?

Mai son zana taswirar rijiyoyi da burtalan Tagriss, a yankin Dakoro na jihar Maradi, yana iya yin aikinsa da QGIS, manhajar kyauta da Gary Sherman ya fara a 2002. Da harshen C++ aka gina ta, amma an bar ƙofa a cikinta inda ake ba da umarni da harshen Python.

Ana juya C++ gaba ɗaya zuwa lambobin na'ura kafin ya soma aiki, shi ya sa yake da sauri. Python kuwa, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, wata manhaja ce ke fassara shi ana cikin aiki. Bai kai C++ gudu ba, amma nan take ake gyara shi. Da layi kaɗan ma'aikaci zai nemi duk rijiyar da ke kusa da burtali, C++ ya ɗauki nauyin lissafin.

Wuyar aikin tana inda harsunan ke miƙa wa juna kaya. Kowane abu na Python yana tafe da ƙidayar masu riƙe da shi. Kamar saniyar da aka ba da kiwo ne, dole a san hannun da igiya take. In ɓangaren C++ ya riƙe abu, sai ya kira Py_INCREF. In ya gama, ya kira Py_DECREF. Ya manta bai saki ba, ma'adanar kwamfuta ta yi ta cika har aiki ya yi nauyi. Ya saki sau biyu, a share abin da ake kan amfani da shi, manhaja ta mutu.

Harshen Lua, wanda Roberto Ierusalimschy da abokan aikinsa biyu suka ƙirƙira a jami'ar PUC ta Rio, Birazil, a 1993, ya bi wata hanya. Ba ya damƙa wa harshen C kayansa kai tsaye: akwai jeri a tsakani, wannan ya ɗora, wancan ya ɗauka daga sama. Tun 2013 Wikipedia ke aiki da Lua, har da ta Hausa.

Ga ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, wannan fanni ya cancanci zama da nazari. QGIS a buɗe take ga kowa. Wanda ya iya Python, ya kuma gane yadda ake riƙo da saki, zai ƙara mata abin da makiyayi da manomin Dakoro ke bukata, ba sai ya jira wani daga waje ba.