Me Jami'ar Maraɗi Ta Ce Game da Aya?

Daga Cadawa zuwa Maraɗi ba wata tafiya ba ce. In ka hau motar safe a bakin kwalta, kafin rana ta yi zafi ka gama abin da ya kai ka. Amma ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da yara a ƙauyukan Agye, na daɗe ina ganin jami'ar Maraɗi da nisa kamar Yamai, har sai da 'yar ƙanena ta ci jarrabawar bak ta shiga sashen noma. Da ta zo hutun farko, ubanta, wanda ko kwanon rufin ɗakinsa da kuɗin aya ya saye shi, ya ce mata, "To 'yar nan, can me suka ce game da aya?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai yanzu muka fara." Shi wasa yake yi. Ni kuwa tambayar ta tsaya mini a rai, don ita ce ya kamata a riƙa yi wa duk wanda aka ɗora bisa kujerar shugabancin jami'ar nan.

Mu da muka girma kafin 2000, jami'ar gwamnati guda muka sani. An kafa ta a Yamai a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, a 1992 kuma aka sa mata sunan Abdou Moumouni. Mutumin nan maƙwabcinmu ne, a Tasawa aka haife shi a 1929. Masanin kimiyya ne da ya dubi ƙasarsa ya ga abin da ta fi kowa shi ne rana, sai ya zuba basirarsa kan yadda za a dafa abinci, a ɗumama ruwa, a jawo shi daga rijiya da hasken rana. Ya kuma shugabanci jami'ar. Ina kawo shi ne don a ga cewa tun can muna da wanda ya san ba a rungumar komi, zaɓa ake yi.

A 2008 aka buɗe makarantun fasaha na IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2010 suka zama jami'o'i masu cin gashin kansu. Bayan shekara huɗu aka ƙara wasu huɗu a Agadas, Difa, Dosso da Tillaberi, ta Maraɗi kuma ta samu sunan Dan Dicko Dankoulodo, ɗan garin da ya riƙe ministan ilimi zamanin Diori Hamani, daga baya ya jagoranci hukumar haɗin kan al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci. Tana da sashen kimiyya da fasaha, da na noma da muhalli, da na kiwon lafiya, ga kuma IUT ɗin da aka fara da ita. Shugabanta na farko, Farfesa Mahamane Saadou, masanin tsirrai ne, kuma a ganina an dace da hakan.

Shugaban jami'a, wanda yaranmu ke kira rakta, aikinsa ya fi kama da na maigida a gandu. Hatsin da ke rumbu ƙidayayye ne, bakuna kuwa da yawa. Za a gina babban ɗakin karatu ne ko ɗakin gwaje-gwaje? In an ba da gurbin ɗaukar malami ɗaya, likitan yara za a ɗauka ko masanin ƙwari? Takardar da ake rubuta irin waɗannan shawarwari, a ce nan da shekara biyar ga inda muka dosa, ita ake kira tsarin dogon zango. Na taɓa karanta irinta ta wata makaranta da ba zan ambata ba. Shafi bayan shafi, an yi alkawarin zama zakara a koyarwa, zakara a bincike, zakara a komi. Da za a goge sunan a rubuta na wata makarantar a Dakar, ba wanda zai gane an canza.

A 2018 da 2019 ƙungiyar malaman jami'o'i, SNECS, ta yi ta yajin aiki kan batun wa zai naɗa rakta. Malamai suka ce su za su zaɓa, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta ce ita ke biyan kuɗi don haka ita za ta naɗa, kuma a 2019 majalisa ta amince da dokar naɗin. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Wanda abokan aikinsa suka zaɓa zai ji nauyin tsawata musu, wanda aka naɗa daga Yamai kuwa kunnensa na can wajen wanda ya naɗa shi. Abin da ya dame ni shi ne an sha watanni ana gardamar wa zai hau dokin, ban ji an tsaya an tambayi ina za a da shi ba. Su kuma ɗalibai shekarun karatu suka riƙa hawa kan juna, lisans ɗin shekara uku ya koma abin da ba a san ranar gamawarsa ba.

Akwai wata igiya da ke jan malamin jami'a wadda mutanen gari ba su gani. Ƙarin girmansa ba a hannun rakta yake ba. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 take da mazauni a Wagadugu, ita ke duba takardunsa, kuma abin da ta fi aunawa shi ne binciken da ya wallafa a mujallun masana. Wannan ba laifi ba ne, shi ya sa farfesan Maraɗi yake farfesa a Abijan. Sai dai malamin da ya kwana uku a Gazawa yana nuna wa manoma yadda ake gane ƙuduji tun bai fito da fure ba, wannan wahalar ba ta da nauyi sosai a ma'aunin. In shugaba bai ware mota da mai da ɗan guzuri don irin wannan fita ba, bai kuma rage wa malamin awannin aji ba, to ba za a yi ta ba, komi kyan zuciyar malamin.

Na san ana iyawa, don na gani. Duk manomin gero a nan ya san murzuna, tsutsar nan da ke bin zangarniya tana zagaye ta kamar an murɗa igiya, ka ɗaga kai mai kyau ka tarar rabi ƙaiƙayi ne. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna, cikinsu har da Ibrahim Baoua wanda daga baya ya zama farfesa a jami'ar Maraɗi, sun yi aiki da wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke saka ƙwai a jikin tsutsar ya kashe ta. Ƙananan buhunan algarara ake kawowa, da ɗan gero da gari da tsutsotsin kiwo da matan zanzaron a ciki, a rataye a reshe ko a gindin rumbu lokacin da gero ke fitar da kai. Ranar da na fara ganinsu na ɗauka laya ce. Haka buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka gwada shi a nan Maraɗi. Yau mace na ɗaure wakenta ba tare da ta barbaɗa masa guba ba, ta jira farashi ya tashi.

Wani ilimin ma daga gona ya tafi aji. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi, tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungume shi, kuma Ɗan Saga da ke nan Agye ta zama wurin da baƙi daga ƙasashe ke zuwa kallon gawo da kalgo da sabara a tsakiyar gero. Jami'ar da ke da irin wannan a ƙofar gidanta ba ta da dalilin zama ƙaramar Yamai. Ga iyakar Najeriya kusa, ga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya da ta daɗe tana aiki kan dawa da wake da gyaɗa irin namu. Tun Maris na 2025 kuma Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Me zai hana a wajabta wa duk ɗalibin noma ya taƙaita kundinsa a shafi biyu na Hausa, ya je ya karanta shi a gaban mutanen ƙauyen da ya ɗebo ƙasar gonarsu?

'Yar ƙanen nawa yanzu ta kai lokacin zaɓen abin da za ta rubuta kundi a kai. Ta ce tana so ta duba abin da aya ke yi wa ƙasa, don kowa a Cadawa ya san yadda ake ƙona ciyawa, a tone gona, a tankaɗe rairayi, iska ta kwashe ƙurar zuwa yamma. Ubanta ya ce gonarsa ta hanyar Mayahi tana nan, ta zo ta auna, amma ta bari sai an kwashe amfanin bana.