Ƙarfen Tabarau Mara Nauyi: Mene Ne Sirrinsa?

A Kanya ta ƙasar Zuru, kamar sauran garuruwanmu, mukan ga dattijo a majami'a yana karatu, hannu ɗaya riƙe da littafi, ɗayan kuma yana ta tura tabarau sama don gumi ya sa yana zamewa. In ya cire, sai ka ga ƙarfen ya bar masa shaida a karan hanci. Wasu har sukan ajiye tabarau ɗin, karatu ya gagara. Shi ya sa ake yabon firam na ƙarfen titaniyom.

Wani limamin coci a Ingila, William Gregor, shi ya gano wannan ƙarfe a 1791 cikin baƙin yashi na yankin Cornwall. Irin wannan yashi akwai shi a Jos, inda ake haƙar kuza. A 1981 ne maƙeran yankin Fukui na Japan suka fara yin firam da shi.

Dalilin rashin nauyinsa biyu ne. Na farko, in aka cika mudu biyu, ɗaya da titaniyom ɗaya da baƙin ƙarfe, nauyin na titaniyom bai kai kashi 60 cikin 100 na ɗayan ba. Na biyu, yana da ƙarfi ƙwarai, saboda haka ana iya sirantar da shi kamar tsinke bai karye ba. Gorar ruwa ta fi shi sauƙin nauyi, amma ta fi shi taushi. Ban da haka, gumi ba ya cinsa, ba ya yin kore, kuma da wuya ya jawo ƙaiƙayin da nikel kan sa wa fata. Don haka ne likitoci ke ɗora ƙashi da shi.

Sai dai mu yi hattara. Yana da tsada, akwai jabu a kasuwa, kuma in ya karye mai gyaran bakin titi ba zai iya like shi da dalma ba. Gilashi mai kauri kuma yakan mai da firam mara nauyi ya zama kaya.

'Yan'uwa, a fara da gwajin ido, kamar a Asibitin Ido na ECWA da ke Kano tun 1943, kafin a zaɓi firam. Tabarau don gani ake sa shi, ba don ado ba.