Kafin A Shafa Fenti A Wurin Wanki

A Tudun Wadan Kaduna an san lokacin fenti. Ko Sallah ta matso, ko an sa ranar biki, ko mai gida ya sallami ɗan haya yana shirin sa wani da ƙarin kuɗi. Mai fenti zai fara da zaure da falo, ya bi ɗakuna, sai can da la'asar ɗin ranar ƙarshe a tuna da wurin wanki. Abin da ya rage a gindin bokiti shi za a tsinka da ruwa a shafa masa. Kafin damina ta raba tsakiya bango ya kumbura, fenti yana ɓarewa yana zubowa a kan kayan da aka wanke, sai a ce mai fenti ya yi ha'inci. Sau da yawa ba shi da laifi. An ba shi bango mai laima, an ce ya gama kafin magariba.

Wurin wanki a gidajenmu ba iri ɗaya ba ne. A gidajen haya wata kusurwa ce a tsakar gida, kusa da rijiya ko famfo, da ɗan dakalin siminti da makwarara. A sababbin gine-gine ɗan ɗaki ne a bayan kicin, ko gefen banɗaki inda aka ajiye injin wanki. Ga kuma shagunan masu wanki da guga. Abin da ya haɗa su duka shi ne ruwa da sabulu kullum, ga ƙunci, ga ƙarancin iska. Saboda haka wurin da aka fi rainawa a gida shi ya fi buƙatar shiri, kuma a nan aka fi jin ciwo.

Fenti ba ya maganin laima, ɓoye ta kawai yake yi na ɗan lokaci. Ruwan da ke cikin bango dole ya nemi hanyar fita, in ya tarar da fenti ya ture shi. Ruwan sama a Kaduna yakan kankama daga Mayu har Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba, don haka wanda ba gaggawa yake yi ba ya bari sai hunturu ya busar da gini. Akwai gwaji mai sauƙi: a manna ledar da ba ta huje ba a jikin bango, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. In an ɗaga an ga gumi a ƙarƙashinta, ko wurin ya yi duhu, bangon bai bushe ba. Sai a nemi inda ruwan yake fitowa. Wani lokaci bututu ne ke yoyo a cikin gini, wani lokaci makwarara ce ta toshe ruwa yake kwana a gindin bango. A unguwa irin tamu, inda gida ke jingine da gida, ba abin mamaki ba ne a tarar banɗakin maƙwabci ne a ɗaya gefen. Wannan kuwa magana ce ta sallama da zama a fahimci juna, babu fentin da zai gyara ta. Farin garin nan da ke fesowa a ƙasan bango gishirin siminti ne da ruwa ya tura waje. A goge shi a bushe da burushi mai tauri, kada a wanke, don ruwa zai mayar da shi ciki. In kuma an yi sabon fulasta, a ba shi kamar mako huɗu kafin a shafa komai.

Baƙin tabon da ke kama kusurwa hunhuna ce, kuma shafa fenti a kanta ba ya kashe ta. A wanke da ruwan bilic, irin su Hypo ko Jik, kofi ɗaya a ruwa lita huɗu, ƙofa a buɗe, hannu cikin safar roba. Kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan wanke masai don wai ya ƙara ƙarfi. Haɗin yana tayar da iskar kulorin, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma a ɗan ƙaramin ɗaki ba ta ɗaukar lokaci kafin ta kayar da mutum.

Babban haɗarin, wanda ba a cika magana a kansa ba, yana cikin kankare tsohon fenti. An saba shafa fentin mai, mai ƙyallin nan, a ƙasan bangon wurin wanki, da ƙofar ƙarfe, da tagogi, da bututu, saboda yana jure ruwa. To, fentin mai da yawa ana zuba masa sinadarin dalma don launi ya fito ya kuma bushe da wuri, musamman ruwan ɗorawa da ja da ruwan lemo da kore. Mu a Arewa ba baƙi ba ne ga gubar dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Dalmar da ke cikin fenti ita ce dai wannan dalmar, sai dai ita a hankali take aiki, babu gawa a jere da za ta sa a farga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta kawo ƙarancin jini, kuma ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Yaro zai yi ta fama a makaranta ana ce masa daƙiƙi, ana duka, babu wanda zai tuna da bangon da yake ɓantara yana kaiwa baki lokacin da yake rarrafe. Mai juna biyu ma ba ta tsira ba, domin dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan da ke ciki.

Amurka ta hana dalma a fentin gidaje tun 1978. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira a bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma Nijeriya ta karɓi wannan ma'auni. Amma binciken da ƙungiyar SRADev ta Legas ta fitar tare da ƙungiyar IPEN a 2017 ya gano kusan uku cikin kowane huɗu na fentin mai da aka gwada sun haura shi, wasu da nisa ƙwarai. Ko da kamfanoni sun gyara yau, abin da aka shafa shekara goma ko ashirin da suka wuce yana nan a jikin ƙofofinmu. Ba a gane shi da ido ko da wari. Don haka tsohon fentin mai, a ɗauka yana da dalma.

Muddin yana manne lafiya bai fashe ba, a wanke shi, a bari ya bushe, a shafa sabo a kansa. Inda yake ɓarewa kuma dole a kankare, to a jiƙa wurin tukuna, a kankare yana da danshi, samfefar ma a tsoma ta a ruwa. Gurzawa a bushe ita ke mayar da shi ƙura mai laushi da ke shiga hanci, ta sauka a tabarma da kwanon abinci. Ƙona shi da wuta don ya saki ya fi komai muni. A shimfiɗa leda a ƙasa ta tare ɓarɓashin, a naɗe a ƙulle a kai bola. Kada a share da tsintsiya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Yara da mai ciki su koma wani sashe har a gama, a kwashe randa da kwanuka da shanya. Wanda ya yi aikin ya sa takunkumi mai kama fuska sosai, ya wanke hannu kafin ya ci goro ko abinci, kayan aikinsa kuma a wanke su daban, kada a jefa su cikin wankin yara. Tsofaffin gidaje masu silin na asbesto, shi ma kada a gurza shi ko a fasa, ƙurarsa tana lalata huhu. A share yanar gizo-gizo a hankali a shafa fenti kawai.

Sai lungunan da hannu ba ya kaiwa: bayan injin wanki, bayan bututu, ƙarƙashin dakali, saman ƙofa, da kusurwar da bango ya haɗu da silin. Nan laima take taruwa, nan kuma ake tsallakewa don ba a gani. Da su ya kamata a fara, tun mutum bai gaji ba, daga sama a gangaro ƙasa. Kafin komai a kashe wuta daga babban makunni, a tabbatar janareta ko inbata ba ta ba layin wuta. Kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, ba a sallama kafin a kawo ta. Injin wanki a zare shi daga soket, a rufe famfonsa, a kwance bututun, a zubar da ruwan da ya kwanta ciki, sannan mutum biyu su ja shi waje. Miƙa hannu ta bayansa alhali yana haɗe da wuta, ƙafa a jiƙaƙƙen siminti, ganganci ne.

Kayan aikin ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Rola a ɗaura ta a sandar mofa, za ta kai silin mutum yana tsaye a ƙasa. Ƙaramar rola mai siririn hannu tana shiga tsakanin bututu da bango. Inda ita ma ta kasa, a ɗaure guntun soso a bakin siririn katako, a dangwala fenti kaɗan, a bi a hankali. Bayan bututun kansa kuwa, a sami ƙyalle mai tsawo a shafa masa fenti a tsakiya, a zagaya shi ta baya, a riƙe bakinsa biyu ana ja hagu da dama. A soka kwali tsakanin bututu da bango don kada ya ɓata. Wanda yake son burushi mai lanƙwasa, maƙeran Panteka ba za su rasa yi masa ba. Ƙarƙashin dakali a haska da tocila, a duba da madubi ko kyamarar waya, domin kunama da kyankyaso suna son wurin.

Faɗuwa kuma ba daga bene kawai ake yin ta ba. Kifaffen bokiti, da turmi, da duro, da kujerar roba, su ne tsanin yawancin gidaje, a kan daɓen da sabulu ya mayar da shi santsi. Gefen dakalin siminti yana jiran ƙeya. A wanke daɓen ya bushe kafin a fara, a ari tsani na ƙwarai, wani ya riƙe. In mai jingina ne, duk tsawon taku huɗu a sama a janye gindinsa taku ɗaya daga bango. Inda hannu bai kai ba a sauko a matsar da tsanin, kada a yi miƙa.

Wari shi ne na gaba. Fentin mai da tina suna fitar da tururin da ke sa jiri da ciwon kai da tashin zuciya, ya tayar wa mai asma ciwonsa, kuma yana kama wuta. Wasu masu fenti da fetur suke tsinka shi don ya fi araha, a ɗakin da tagarsa ba ta fi faifai ba. A irin wannan wuri ashana ɗaya ta isa. A nisantar da risho da kurfoti da tukunyar gas da maganin sauro na kunnawa, masu wanki da guga kuma su fitar da dutsen gawayi. A buɗe ƙofa da taga, a riƙa fita shan iska, kada mutum ya yi aikin shi kaɗai a gida. Al'adar nan ta shan madara bayan fenti don wai ta wanke ƙirji, madara abinci ce mai kyau amma ciki take tafiya, ba ta zuwa huhu. Wanda jiri ya kama a fitar da shi fili nan take. Kada a zuba tina ko kananzir a gorar lemo, yara suna ɗauka su kurɓa. In hakan ta faru kada a ɗura wa yaro manja, kada a sa shi amai, domin amai ne ke tura man cikin huhu. A garzaya da shi asibiti tare da gorar. Ga Asibitin Yusuf Ɗantsoho nan cikin unguwa, ga Barau Dikko a cikin gari.

A ganina, ƙasan bangon wurin wanki, daga daɓe zuwa ƙirji, ba wurin fenti ba ne sam. Mai hali ya sa tayil, marar hali ya yi masa sumul da siminti. Daga nan zuwa sama a nemi fentin ruwa mai ɗan sheƙi wanda ake iya gogewa, ba ya wari sosai, kuma da ruwa ake wanke burushinsa. Farar ƙasa ma ba abin rainawa ba ce a wurin da yake fili, tana barin bango ya yi numfashi, hunhuna ba ta son ta, sai dai tana goguwa a jikin tufafi. In ƙofar ƙarfe ta tilasta sayen fentin mai, a karanta gwangwanin, a nemi wanda aka rubuta babu dalma, mai ɗauke da tambarin hukumar SON, a guji wanda ake aunawa a gora babu suna. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, a bar na farko ya bushe sosai. Bayan an gama a ɗaga wa wurin ƙafa na 'yan kwanaki, a yi wanki a tsakar gida, domin fenti yakan bushe a taɓa alhali bai yi ƙwari ba.

Ragowar fenti da ruwan tina kada a tuttule su a kwata ko kusa da rijiya. Kwatocin Tudun Wada Kogin Kaduna suke nufa. A rufe gwangwanin da kyau a ɗora inda yaro ba ya kaiwa, ko a bar ɗan abin da ya rage ya daskare a fili kafin a zubar. Gwangwanin fentin mai kuma, komai wankin da aka yi masa, kada a mayar da shi gugar rijiya ko mazubin gasara.