LAKA, GAWAYI DA KARA: KAYAN AIKIN MALAMI ƊAN KOYO

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowace shekara bayan an koma lakwal cikin watan Oktoba, akan ga waɗansu samari da ƴan mata sun sauka makarantu riƙe da kaye da bik. Sun wuce zama ƴan makaranta, amma ba su zama cikakkun malamai ba tukuna. Su ne malamai ƴan koyo. Suna fitowa daga makarantun horon malamai, irin su Askiya Muhammad ta Damagaram, da Kawsan ta Tawa, da Bawa Jan Gwarzo ta Maraɗi, da Mali Bero ta Doso. Akan tura su aji domin su gwada abin da aka koya musu. Tsohon malami yakan zauna baya, yana kallo, yana rubuta abin da ya gani.

Cikin darussan da ake ba su, akwai wani mai wuyar sha'ani, shi ne darasin zane da aikin hannu. Darasin lissafi alli da allo sun ishe shi. Shi kuwa wannan, sai kowane yaro ya samu abin da zai taɓa da hannunsa. Ga yara cike da aji, wani wurin 60 ko fi. Ga shi babu fenti, babu takarda, babu kuɗin saye. To, yaya ɗan koyo zai yi?

KAYAN AIKI SUNA CIKIN GARI

Ɗan koyo mai wayo ba ya zama jiran kaya daga Yamai. Kwana biyu ko uku kafin darasi, sai ya zagaya gari yana tambaya. Yakan fara da gidan mai ginin tukwane. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce: "Inna, ina ake samun laka mai kyau a nan?" Ita ta san ramin, ta san kuma wadda ke tsagewa.

Gwada laka ba wuya. A jiƙa kaɗan, a murza ta ta yi tsawo kamar igiya, a naɗa ta a yatsa. In ta naɗu ba ta karye ba, ta yi. In ta ruguje, yashi ya yi mata yawa. Bayan haka a tsince tsakuwa, a jiƙa lakar ta kwana, a zuba mata dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi, a kwaɓa sosai. Wannan haɗi shi ke hana ta tsagewa wajen bushewa.

Launi ma yana nan kusa. Gawayi in an daka shi an tankaɗe, ya ba da baƙi. Jar ƙasa ta ba da ja, haka ma karan dafi wanda dukawa ke rina fata da shi. Farar ƙasa ta ba da fari. Saiwar rawaya ta ba da ruwan ɗorawa. Shuni kuwa yana wurin marina, ko kasuwa. Abin da ke sa launi ya kama takarda shi ne ƙaro. A jiƙa ƙaro cikin ruwa ya narke, a tace da tsumma, a dama garin launi da shi. In babu ƙaro, da zaran zanen ya bushe sai ya kakkaɓe.

Abin shafa launi, a samu ɗanyen icce a daddauje bakinsa kamar asuwaki, ko a ɗaura gashin wutsiyar akuya a bakin tsinke. Takardar buhun siminti da tsohon kwali sun isa wurin zane. In su ma babu, ga ƙasa nan shimfiɗe. A share fili, kowane yaro ya samu gefensa da tsinkensa. Karan hatsi da kaba kuwa, bayan girbi ba wanda ke rasa su.

YADDA DARASI KE TAFIYA

A ce yau darasin gina ƙaramin rumbu ne da laka. Ɗan koyo yakan fitar da yara inuwar icce, ya raba su ƙungiya ƙungiya, kowace da shugabanta da ƙwaryar ruwanta. Kafin a taɓa laka sai ya yi tambaya: Wane ne ya taɓa ganin ana gina rumbu? Don me ake ɗora shi bisa duwatsu? Nan take hannuwa su tashi. Wani ya ce saboda gara, wani ya ce saboda ruwan damina. Yaron da ba ya buɗe baki ranar darasin Faransanci, yau shi ne kan gaba, domin abin gidansu ne ake magana.

Daga nan malami ya nuna sau ɗaya, sannu a hankali, yadda ake murza laka, a ɗora sahu bisa sahu, a shafe da ɗan ruwa. Sa'an nan ya raba wa kowa dunƙule kamar girman ƙwallon goriba, ya ja da baya. Aikinsa yanzu zagaye ne. Wanda ginin nasa ya zube, a tambaye shi me ya gani. Sau da yawa yaron da kansa zai ce ruwa ne ya yi yawa.

Kafin lokaci ya cika, sai a tsai da aiki. A jera abin da aka yi, kowa ya zagaya ya ga na kowa. A kai su inuwa su bushe kwanaki, domin rana mai zafi tana tsaga ɗanyar laka. A share wuri, a wanke hannu da sabulu ko toka, sa'an nan a koma aji.

Tsofaffin malamai sun san inda ƴan koyo suka fi tuntuɓe. Na ɗaya, karɓe aikin yaro a gyara masa, har ya zama malami ne ya yi. Na biyu, yabon mutum biyu ko uku da suka fi gwaninta, a manta da sauran. Na uku, mance lokacin shara, har darasi na gaba ya tarar da aji kaca-kaca. Na huɗu, tilasta wa bahago ya yi aiki da hannun dama. Duk waɗannan akan faɗa wa ɗan koyo bayan yara sun tashi, tsakaninsa da malamin aji, ba gaban yara ba.

WASA NE KO KARATU?

Wani uba in ya ga ɗansa ya komo gida da laka a riga, yakan ce: "Mushe, na ba ka yaro ya koyi karatu, kai kuma ka sa shi wasan ƙasa? Da na sani da kiwo na tura shi." Maganarsa abin saurare ce. Yaron da ke lakwal, gida ya rasa hannunsa a gona da garke, dole uba ya tambayi abin da aka samu.

Ga amsa. Duk wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci da girmansa ya san wahalar ranar farko. Hannun da ya saba da hauya da sanda, in an ba shi alli sai ya sandare. Baƙaƙen rubutu kuwa ba kome ba ne sai layi miƙaƙƙe, da lanƙwasasshe, da kewaye. Yaron da ya saba zana su a ƙasa, yatsunsa suka yi laushi wajen murza laka, rubutu yakan zo masa da sauƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lissafi ma yana ciki. Yarinya mai saƙa faifai sai ta ƙirga: fari uku, ja biyu, fari uku. In ta ɓata ƙirge, adon ya karkace, ita da kanta za ta gani. Yaro mai ƙera motar kara sai ya auna ƙafafu huɗu su zo daidai, in ba haka ba motar ba ta tafiya.

Akwai kuma koyon lura. A ce wa ɗan makiyayi ya zana saniyar Bororo da ta Azawak. Sai ya tsaya ya tuna: wannan ja ce mai dogayen ƙahoni, waccan ƙahoninta gajeru. Idon da ya saba duban abu da kyau, shi ne gobe zai fara gane ganyen hatsi da tsutsa ta taɓa, ko bisa da ciwo ya fara kamawa.

Waɗansu uwaye kuma suna da shakka ta wajen addini game da yin siffar mai rai. Ɗan koyo baƙo ne a gari, bai kamata ya yi gardama ba. Ya tafi tare da diraktan lakwal su gai da liman da mai gari, su bayyana abin da ake nufi. Aikin hannu yana da faɗi. Ga tukunya, ga rumbu, ga ganye, ga adon ƙwarya, ga dagi irin na bangon gida da gaban riga. Ana iya cika shekara ba a rasa abin yi ba.

GADO NE NA KAKA DA KAKANNI

Zane da gini da laka sun daɗe a ƙasar nan tun ba a san boko ba. A Dabus, arewa da Agadas bisa hanyar Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da mutanen da suka sassaƙa jikin dutse. Babban ya fi mita 5 tsawo, masana kuma sun ce ya kai shekara 6000 ko fi. A Bura, cikin ƙasar Tera, an gano tukwane da siffofi na gasasshiyar laka a shekarar 1975. Masanin tarihi Bube Gado ya yi haƙa a wurin a 1983. Waɗansu kayan sun fi shekara 1000 a binne.

Tukwanen Mirya sun yi suna. Haka adon bangon gidajen unguwar Birni a Damagaram, da tabarmin Madawa, da fatar jar akuyar Maraɗi wadda dukawa ke yin jaka da takalma da ita. A Yamai, gidan ajiye kayan tarihi da aka buɗe a 1959, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama, ya ba masu sana'ar hannu wurin zama suna aiki gaban baƙi. Darasin aikin hannu yana nuna wa ɗan lakwal cewa sana'ar uwarsa da ta kakansa ilimi ce, ba abin kunya ba. Irin wannan niyya ta kusantar da lakwal da gida ita ta sa aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, inda aka fara koyar da yara da Hausa.

HATTARA!

Akwai abubuwa huɗu da malami da uwaye za su kiyaye.

Na ɗaya, wuta. Kada a gasa laka kusa da ajin zana ko na kara. Ba a manta ba, cikin watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai, yara wajen 20 suka rasu. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara kuma aka yi irinta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. In ana son gashi, a kai wa mai tukwane ta haɗa da nata. Sai kayan sun bushe sarai, domin ɗanyar laka tana fashewa cikin wuta.

Na biyu, ramin laka. Kada a aiki yara su kaɗai. Rami mai zurfi yakan rufta, kuma bayan damina yakan riƙe ruwa.

Na uku, guba. Kada a dama launi cikin gwangwanin maganin ƙwari, ko an wanke shi. Kada a fasa tsohon batir don neman baƙi. Gawayi ya isa.

Na huɗu, wuƙa da reza. Su tsaya hannun malami. A fere kara tun kafin yara su zo.

ABIN DA GARI ZAI IYA YI

Ɗan koyo ba ya daɗewa. Ƴan makonni ne ya koma makarantarsa, da sakamakon da aka rubuta masa. In darasinsa ya lalace don rashin kaya, yakan ɗauka abin ba ya yiwuwa a karkara, in ya zama malami kuma ya bar shi har abada. In kuwa ya samu hannu, duk garin da aka kai shi zai tafi da abin da ya koya, yara da yawa su amfana.

Saboda haka kwamitin uwayen yara ya dubi wannan magana. Mai amalanke ya kawo laka sau ɗaya, ta ishi aji wata guda. Makiyayi mai ratsa daji ya tsinko ƙaro. Magini ya aje takardar siminti kada ya ƙone ta. Mai tukwane, da baduku, da mai saƙar tabarma, kowa ya ba da awa guda ya zo ya nuna wa yara, malami ma ya zauna ya koya. A bar ƴan mata su shiga kamar maza.

In yaro ya kawo gida ɗan rumbunsa ko zanensa, kada a yi masa dariya, kada a jefar. A tambaye shi yadda ya yi, a aje masa wuri mai kyau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba malamai ƴan koyo sa'a, ya yi wa yara albarka, amin.