Janar Thomas Morland: sojan Ingila da ya ci Kano, da abin da yaƙinsa ya bar wa mutanen Gure

Idan aka yi maganar zuwan Turawa ƙasar Hausa, sunan Lugga ne ke fara zuwa a bakin mutane. Amma Lugga gwamna ne mai ba da umurni. Wanda ya riƙa jan dakaru zuwa bakin ganuwa shi ne Kanar Thomas Morland, kuma yaƙe-yaƙen da ya yi daga 1901 zuwa 1903 suna cikin dalilan da suka sa yau mutumin Kelle ko Gure ke ƙetara iyaka kafin ya isa Kano ko Borno.

An haifi Morland a 1865 a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ya zama hafsa a rundunar sojan Ingila a 1884. A 1898 ya shiga sabuwar rundunar da Ingila ta kafa a Afirka ta Yamma domin tare Faransawa. Hafsoshinta Turawa ne, amma galibin masu riƙe da bindiga baƙar fata ne, Hausawa da Yarbawa da sauran ƙabilu, waɗanda aka ɗauka aikin soja da albashi.

Ɗaya daga cikin manyan ayyukansa shi ne Yola, cikin watan Satumba na 1901, inda ya kori Lamiɗo Zubairu. Shi kansa an harbe shi da kibiya a wannan karon. A farkon 1902 ya bi ta Bauci ya nufi Borno, kuma wannan tafiyar ce ta fi shafar yankinmu. Faransawa sun riga sun kashe Rabe a Kusseri a 1900, sun kuma bi ɗansa Fadlallah har Gujba suka kashe shi a 1901, alhali a takarda Gujba rabon Ingila ce. Ingila ta gane cewa takarda ba ta tsare ƙasa idan babu soja a wurin. Zuwan Morland ya sa Shehu Abubakar Garbai ya bar Dikwa ya koma ɓangaren Ingilishi. Ƙasashen Muniyo da Kutus, inda Gure da Kelle suke, sun daɗe da alaƙar sarauta da ciniki da Borno, amma su sai suka faɗa hannun Faransawa, waɗanda suka kama Damagaram tun 1899.

A ƙarshen watan Janairu na 1903 Morland ya tashi daga Zariya da soja sama da 700, da igwa da bindigogi masu aman harsashi. Ya fasa Bebeji a hanya, sannan ranar 3 ga Fabrairu ya shiga Kano ta Ƙofar Kabuga. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Ranar 15 ga Maris dakarun Morland, ƙarƙashin jagorancin Janar Kemball, suka gwabza da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru a filin Giginya. Sarkin ya yi gabas da jama'arsa, aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekarar.

Me ya sa ƴan ɗaruruwa suka rinjayi dubbai? Ganuwa da doki da mashi an tanade su ne domin yaƙin da ake haɗuwa gaba da gaba. Igwa tana fasa ƙofa daga nesa, bindiga mai aman harsashi kuma tana kayar da mahayi tun bai iso ba. Ga kuma rashin jituwa tsakanin sarakuna, wanda ya hana su haɗa ƙarfi wuri guda.

Da Ingila ta kama Kano da Sakkwato da Borno, sai batun iyaka ya bar bisa taswira ya sauko ƙasa. Yarjejeniyar 1898 ta bar Faransawa ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Zinder. A 1904 da 1906 aka gyara layin, sannan ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Wannan layin ne Nijar da Nijeriya suka gada a 1960.

Morland kuwa ya ci gaba da hawa. Daga 1905 zuwa 1909 shi ne babban sufeton rundunar Afirka ta Yamma. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jagoranci babbar runduna ta 10 a Faransa. Ranar 1 ga Yuli na 1916, a yaƙin Somme, Ingila ta yi asarar soja kusan 57,000 tsakanin matattu da masu rauni, kuma dakarunsa na cikin waɗanda suka kai hari a Thiepval. Wannan karon abokan gaba ne ke bayan bindiga mai aman harsashi. Marubuta tarihi da dama sun zarge shi da jinkirin tura agaji ga mutanensa da suka kutsa cikin ramukan Jamusawa. Duk da haka, daga 1920 zuwa 1922 shi ya shugabanci sojojin Ingila da suka mamaye yankin Rhin na Jamus. Ya mutu a 1925 a Montreux, ƙasar Suwizalan.

Sunansa ba ya cikin hirar kasuwa, amma layin da ya biyo bayan yaƙinsa yana nan daram. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Nijeriya bayan juyin mulkin Yuli na 2023, har zuwa Maris na 2024, fataken dabbobi da masu sayen hatsi na jihar Damagaram sun ji a jikinsu cewa hanyar da kakanninsu ke bi ba shinge, yanzu ana iya datse ta da sanarwa guda.