Idan Na'urar Bincike Ta Hango Abin da Ba a Je Nema Ba

Masu nazarin ƙwaƙwalwa kan gayyaci mutane masu ƙoshin lafiya su kwanta cikin na'urar MRI, domin a ga yadda ƙwaƙwalwa ke aiki ko yadda take tsufa. Mutum ya zo ne don taimakon ilimi, kansa ba ya ciwo. Amma hoto ba ya zaɓen abin da zai nuna. Wani lokaci sai ga ƙari, ko jijiyar jini da ta kumbura. A gaya masa ne, ko a yi shiru?

Abin yana faruwa fiye da yadda ake zato. A 2007 aka wallafa binciken da aka yi wa mutum 2,000 a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, galibinsu dattawa. Kashi 7.2 cikin ɗari suna da tabon toshewar jini a ƙwaƙwalwa ba su sani ba, kashi 1.8 suna da kumburarriyar jijiya, kashi 1.6 kuma suna da ƙari wanda ba na daji ba.

Da jin haka kowa zai ce a faɗa masa, ai ransa ne. To, ga abin da ya faru a Birtaniya. Shirin UK Biobank ya sa ƙwararrun likitocin hoto sun duba hotunan ƙwaƙwalwa, zuciya da ciki na mutum 1,000 na farko, suka ga abin damuwa a jikin 179. Da aka bi diddigi, 21 kaɗai ke da cuta mai hatsari. Sauran sun sha zirga-zirgar asibiti, wasunsu har da fargaba, galibi a kan abin da ba zai cuce su ba. Shirin ya zaɓi ya dogara da ma'aikatan ɗaukar hoto, su tura wa likita abin da ya ja hankalinsu kawai. Wannan ya rage firgita mutane, amma a gwajin, 5 kaɗai daga cikin 21 ɗin nan wannan hanya ta kama. Kowace hanya akwai wanda take cutarwa.

Sannan hoton bincike ba na gano cuta ba ne, kuma mai dubawar sau da yawa masanin halayyar ɗan Adam ne ko ɗalibi, ba likita ba. Wanda ya koma gida bai ji komai ba, sai ya ɗauka an wanke shi. Wannan ruɗin ya fi damuna, domin zai iya sa shi ya yi watsi da ciwon da ya taso daga baya.

A 2013 kwamitin shugaban Amurka kan ɗa'ar binciken lafiya ya ba da shawarar a tsara komai tun kafin ɗaukar hoto, a kuma sanar da mai sa kai. Na yarda, amma ina da ƙari. Inda majiyyaci ke biyan kuɗin magani daga aljihunsa, kamar a Nijeriya, gaya wa talaka yana da ƙari a ka ba tare da an haɗa shi da likita ba zalunci ne. Kuɗin tura shi asibiti ya kamata ya shiga kasafin binciken tun farko.

Mai karatu, in aka gayyace ka irin wannan bincike, kafin ka sa hannu ka tambaya: wa zai duba hotona, me za a gaya mini, kuma wa zai biya idan aka ga wani abu?