Rumbun da Likitoci ke Tonawa

Ranar 26 ga Yuni, 1997, mataimakin shugaban Amurka na wancan lokaci, Al Gore, ya zauna gaban kwamfuta a birnin Washington, 'yan jarida na kallo, ya yi bincike a wani rumbun bayanai mai suna PubMed. Daga ranar kowa na iya shiga rumbun kyauta, ba rajista, ba biyan ko sisi. Shekaru kusan talatin ke nan ƙofar tana buɗe, amma har gobe za ka tarar da ɗalibin jinya a Kano ko Maraɗi yana haɗa aikin kammala karatunsa da abin da Google ya fara jefo masa, ko ma da saƙon da aka turo a WhatsApp.

Mai rumbun shi ne Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka da ke Bethesda, a jihar Maryland, kuma aikin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wani likitan soja, John Shaw Billings, ne ya fara fitar da Index Medicus a 1879, wato kundin da ke jera sunayen maƙalolin likitanci da aka buga, da marubutansu, da mujallun da suka fito a ciki. An ɗora aikin a kan kwamfuta a 1964, sannan a 1971 aka samar da MEDLINE, wanda ake iya bincikawa daga nesa. Kundin takarda bai daina fitowa ba sai a 2004. A yau PubMed na ɗauke da bayanan maƙaloli sama da miliyan 35, kuma MEDLINE, wanda shi ne ƙashin bayansa, yana tattaro daga mujallu fiye da 5,000.

Abu na farko da ke ba sabon shiga mamaki shi ne, galibin abin da ke ciki ba cikakkun maƙaloli ba ne. Suna ne, da marubuta, da shekara, da taƙaitaccen bayanin abin da aka yi da abin da aka gano. Abu na biyu, rumbun ba ya jin Hausa, kuma ko Turancin ma yana da irin wanda ya fi so.

A nan ne MeSH ke shigowa. Tun 1960 ɗakin karatun ya tsara jerin kalmomi na dindindin, aka ba kowace cuta, kowane magani, kowace gaɓa ta jiki suna ɗaya tak, ana liƙa wa kowace maƙalar MEDLINE sunayen da suka dace da ita. Kamar Kasuwar Kurmi ce: wanda ya san layin 'yan turare ya miƙe kai tsaye, wanda bai sani ba ya wuni yana zagaye. Da can mutane ne ke karanta maƙala su liƙa mata sunayen. Tun 2022 na'ura ce ke yin mafi yawan aikin. Amfanin tsarin a fili yake. Wani marubuci ya kira cuta da sunan da aka saba a Ingila, wani da na Amurka, wani da gajarce, amma duk suna taruwa a ƙarƙashin kai guda.

Mu ɗauki sikila, tunda babu ƙasar da ake haifar yara masu ita da yawa kamar Najeriya. A ce wata ma'aikaciyar jinya tana son sanin ko akwai maganin da ke kare yaro mai sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Idan ta rubuta "sickle cell" kawai, dubun dubatar sakamako za su zubo, ba wanda zai iya karance su. Dabarar ita ce ta fasa tambayarta gida-gida: wace cuta, wane magani, wace matsala ake gudu, a wane wuri. Sai ta haɗa gidajen da wasu ƙananan kalmomi uku da ake rubutawa da manyan baƙaƙe, waɗanda asalinsu lissafin George Boole ne, masanin Ingila na ƙarni na 19. AND na matse bincike, domin dole abubuwan biyu su haɗu a maƙala ɗaya. OR na faɗaɗa shi. NOT na jefar da wani abu, kuma ita ce mai haɗari, don takan tafi da maƙala mai kyau saboda kawai ta ambaci kalmar da aka kora sau ɗaya.

Da ta rubuta "sickle cell AND hydroxyurea AND stroke AND Nigeria", tarin nan zai dawo ɗan abin da za a iya dubawa a zama guda. A ciki za ta ci karo da wani gwaji da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Sunansa SPRING, an buga sakamakonsa a mujallar Lancet Haematology a 2022. An ɗauki yara masu sikila waɗanda awon gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya nuna suna cikin haɗari, aka raba su biyu, wasu aka ba su ƙaramin adadin maganin hydroxyurea, wasu matsakaici, kuma ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba wajen yawan waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Aikin gida ne, da yaran gida, amma da yawa daga cikin masu kula da irin waɗannan yara ba za su taɓa sanin an yi shi ba sai sun iya wannan 'yar dabara.

Samo maƙala rabin aiki ne. A ganina kuskuren da ya fi yawa a wurin ɗalibai, har da wasu malamansu, shi ne ɗaukar duk abin da ya fito a PubMed a matsayin hukunci. Labarin majinyaci ɗaya da likita ya rubuta yana ciki. Gwajin da aka yi a kan ɓeraye yana ciki. Ra'ayin edita yana ciki. Ba nauyinsu ɗaya da gwajin da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a ba, balle nazarin da ya tattaro dukan gwaje-gwajen da aka yi a kan tambaya ɗaya ya auna su, irin wanda ƙungiyar Cochrane ke yi tun 1993. A gefen shafin sakamako akwai wurin tacewa, inda mutum zai zaɓi irin binciken da yake so da shekarun da yake so. Mutane kaɗan ne ke taɓa shi.

Har maƙalar da aka janye tana nan zaune. A 1998 mujallar Lancet ta buga aikin Andrew Wakefield a kan yara 12, wanda ya jefa zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubella na da alaƙa da galahanga. An gano an murɗe bayanan, mujallar ta janye maƙalar a 2010, aka kuma soke lasisin likitan a Birtaniya. PubMed bai goge ta ba, sai dai ya manna mata alamar janyewa. Mai gaggawa da bai ɗaga ido ya ga alamar ba zai kwafe ta ya kafa hujja da ita.

Sai maganar kuɗi. Ka karanta taƙaitaccen bayani, ka danna don ganin cikakkiyar maƙala, mai mujalla ya ce sai ka biya dala talatin ko arba'in. Akwai hanyoyi biyu na halal. PubMed Central, da aka buɗe a 2000, na ajiye miliyoyin cikakkun maƙaloli kyauta. Sannan akwai Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2002 tare da manyan kamfanonin ɗab'i, wanda ke ba jami'o'i da asibitocin koyarwa da makarantun jinya na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta dubban mujallu, wasu ƙasashen kyauta, wasu a farashi mai rahusa. Cibiya ce ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba, kuma mabuɗin shiga yawanci yana hannun ma'aikacin laburare. Mutumin nan da ɗalibai ke ɗauka mai gadin litattafai ne, sau da yawa shi kaɗai ne a ginin da aka koya wa MeSH a aji.

Rumbun yana da gurbi, kuma gurbin a kanmu ya faɗa. Mujalla ba ta shiga MEDLINE sai an tantance ta, kuma mujallun Afirka da dama ba su ciki. Rashin ganin bincike a kan wata cuta a Zamfara ko Damagaram ba ya nufin ba a yi ba. Wanda ke neman aikin gida sai ya leƙa African Journals Online, da aka fara a 1998 wanda ke tattara ɗaruruwan mujallun nahiyar, da African Index Medicus na ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da Afirka. Ɗalibin Yamai kuma yana da ƙarin nauyi: ya yi karatu da Faransanci, amma dole ya yi tambayarsa da Turanci, ko da maƙalar da yake nema da Faransancin aka rubuta ta.

Uwar yaro mai sikila fa? PubMed ba don ita aka gina shi ba. Ɗakin karatun na Amurka ya buɗe MedlinePlus a 1998 don mutanen gari, da bayani mai sauƙi a kan cututtuka da magunguna, sai dai da Turanci da Sifaniyanci yake. Ko ɗanta ya karanta mata sakamakon gwajin Kano, bai kamata ta wuce kemis ta sayi maganin ba: hydroxyurea na rage ƙwayoyin jini, ana auna shi da nauyin yaro, kuma yaran da ke cikin gwajin ana duba jininsu a kai a kai. Abin da takardar za ta yi mata shi ne, ranar asibiti ta tambayi likita ko an taɓa yi wa ɗanta awon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in ba a yi ba, a ina ake yi.